Injin niƙan da ya ƙone, masu kishinsa suka tashe shi



A unguwar Mowbray da ke birnin Cape Town na Afirka ta Kudu akwai wani tsohon gini mai rufin jinka da ake kira Mostert's Mill. Injin niƙa ne, amma ba ya shan mai, ba ya jiran wutar lantarki. Iska ce ke kaɗa manyan fikafikansa huɗu, su juya itacen da ke ciki, shi kuma ya juya dutsen niƙa, alkama ta fito gari. An gina shi wajen shekarar 1796 a cikin wata gona, lokacin wurin ƙauye ne. Yau gari ya cim masa, babbar hanyar mota ce ke wucewa ta gefensa.

An gyara shi a 1935, aka sake gyarawa a 1995. Ranar 18 ga Afrilu, 2021, gobarar daji ta gangaro daga tsaunin da ke bayan birnin, ta cinye ɗakin karatu na Jami'ar Cape Town, ta kama injin. Jinka da katako suka ƙone, bangon ya tsaya. Ƙungiyar 'yan sa kai da ke kula da shi ba ta zauna jiran gwamnati ba. Ta nemi gudummawa, ta nemo masassaƙa da maƙera, cikin kimanin shekara uku fikafikan suka sake juyawa.

Wani zai ce ɓarnar kuɗi ce, tunda ga injin zamani da zai niƙa buhu kafin ka gama gaisawa. Ni ban ga haka ba. Ba don gari suka tashe shi ba. Sun tashe shi ne don yaro ya tsaya ya ga yadda abinci ke zuwa baki a zamanin kakanninsa. Kuma ku lura, ba fadar sarki ba ce, wurin aikin leburori ne. Wuraren aiki irin wannan su ne ake fara rushewa, don ba wanda ke ganin darajarsu sai sun tafi.

Nan ne abin ya shafe mu. Iyayenmu sun daɗe a ƙasar Kudu. Sabo ta Ibadan kaɗai tun 1916 take. Amma idan aka ce mu nuna shaidar wannan daɗewa, me za mu nuna? Tsofaffin gidajen fatoma da ɗakunan ajiyar goro ana ta rushe su ana zuba shaguna. Dutsen niƙan da iyayenmu mata suka durƙusa a kansa tun asuba ya koma wurin ɗora ƙafa a yi alwala. Ran da rikicin fili ya taso, ko wani ya kira mu baƙin jiya, baki kawai muke da shi.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya: a zama na gaba mu lissafa tsofaffin gine-ginen unguwarmu, mu ɗauki hotunansu, mu naɗi bayanin dattawa tun suna raye. Sannan mu zaɓi ko da guda ɗaya, mu zauna da magada kafin dillali ya riga mu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.

Sakataren ƙungiya