Wayar Da Aka Tsinta A Ofis Ba Abin Wasa Ba Ce

A Dutse, daga sakatariyar jiha zuwa bankuna da ofisoshin ’yan kwangila, da wuya mako ya wuce ba a manta da waya a kan teburi ko a wurin caji ba. Galibi mantuwa ce kawai. Sai dai yadda ake mu’amala da irin wannan tsintuwa na buɗe ƙofar da bai kamata a bari a buɗe ba.

Wayar zamani na’urar naɗar murya ce, kyamara ce, kuma ƙaramar kwamfuta ce. Wadda aka bari a ɗakin taro tana iya naɗe duk abin da aka tattauna kan farashin kwangila kafin a buɗe tayin kamfanoni. Wanda ya ji farashin abokin takararsa, ai ya gama cin kasuwa.

Haɗari na biyu shi ne son sani. Wani ma’aikaci zai jona wayar da kwamfutar ofis don ya yi mata caji ko ya gano mai ita, alhali ta irin wannan hanya ce muguwar manhaja ke shiga. A wani bincike da aka wallafa a 2016, masana sun yar da filashi 297 a harabar Jami’ar Illinois da ke Amurka, kuma kusan rabinsu an ɗauka an jona su da kwamfuta. Da yawa daga waɗanda suka jona sun ce mai abin suke nema. Kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna.

Haka kuma mai wayar yana da nasa haƙƙin. Tun daga Disambar 2020 da gwamnatin tarayya ta fara tilasta haɗa layukan waya da lambar NIN, layi ya zama tamkar makullin asusun banki. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa hukumomi da kamfanoni nauyin kiyaye bayanan jama’ar da ke hannunsu, yayin da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta kutsawa cikin na’urar wani ba tare da izini ba. Addini ma ya ɗauki tsintuwa a matsayin amana da ake cigiyarta, ba a bincike ta.

Don haka muna kira ga Ofishin Shugaban Ma’aikata na Jigawa da shugabannin kamfanoni su fitar da ƙa’ida a rubuce. Duk wayar da aka tsinta a fitar da ita daga ɗakin taro, a miƙa wa jami’in tsaro, a rubuta rana da wuri da sunan wanda ya kawo. Idan an ɗan jira ba a kira ba, a kashe ta a rufe a ambulan. Kada a jona ta da komai, kada a cire layinta. Wanda ya zo karɓa ya buɗe ta a gaban shaida. Idan wa’adin da aka ɗiba ya cika, a kai wa ’yan sanda.

Wannan ba zargin juna ba ne. Ƙa’idar za ta wanke masinja da mai shara, waɗanda su ake fara tuhuma idan abu ya ɓace. Littafin rajista da ambulan ba su kai kuɗin man janareta na yini guda ba.