Aya Nakamura: Kundin farko da ya tayar da muhawara kan wa ke da Faransanci

A watan Agustan 2017 ne wata matashiya mai shekara 22 ta fitar da kundin waƙoƙinta na farko mai suna Journal intime, wato littafin sirrin zuciya. Sunanta Aya Danioko, amma duniya ta fi saninta da Aya Nakamura. An haife ta a Bamako a 1995 cikin zuriyar maroƙa, ta kuma tashi a Aulnay-sous-Bois, wani gari a gefen Paris da 'yan ci-rani suka yi yawa.

A kundin ba ta ɓoye asalinta don neman karɓuwa ba. Ta sa wa ɗaya daga cikin waƙoƙin sunan Oumou Sangaré, fitacciyar mawaƙiyar Mali, suka kuma rera ta tare. Faransancinta ma ba na cikin aji ba ne, na titi ne, irin wanda matasan unguwa ke yi.

Wannan salo ne ya kai ta ga waƙar Djadja a 2018, wadda ta karaɗe duniya, kuma shi ya jawo mata suka. Da aka fara raɗe-raɗin za ta yi waƙa a bikin buɗe gasar Olympics ta 2024, wasu masu tsattsauran ra'ayi suka ɗaga ƙyalle suna mata gorin Bamako. Duk da haka ta yi waƙarta ranar 26 ga Yuli, a gaban ginin da ke ɗauke da cibiyar kula da harshen Faransanci.

Masu cewa tana ɓata harshen sun yi kuskure. Faransa ce da kanta ta kai Faransanci Afirka a zamanin mulkin mallaka, kuma a yau fiye da rabin masu amfani da shi a kullum a nahiyar suke. Wanda ya tilasta wa mutane harshensa ba shi da bakin hana su sarrafa shi yadda suke so.

A 2023 Mali ta sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma, Nijar ta bi sahu a 2025. A irin wannan lokaci, 'yar Bamakon da ake wa gori ce ke sa matasa a ƙasashen da ba a jin harshen suna rera shi. Kamata ya yi Faransa ta gode mata.