Sankarar jini: ko madubi ya ce babu, da sauran rina a kaba

Sana'ata kallon jini. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina zaune a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti: a ɗiga jini ko ɓargo a kan ɗan gilashi, a shafe, a rina, in kafa ido a madubin likita ina ƙirga ƙwayoyi. Cikin duk takardun da nake sa wa hannu, babu mai yi mini nauyi irin ta yaron da ya yi wata guda ana ɗura masa maganin sankarar jini, wadda zan rubuta cewa miyagun ƙwayoyi a ɓargonsa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Likita zai karanta ya ce cutar ta lafa. Kafin maganar ta kai bakin ƙofar asibiti ta riga ta zama "ya warke".

Akwai wani dattijo manomi da ba na mantawa. Ɗansa bai wuce shekara bakwai ba. Ranar da aka sallame su ya tako har tagar ɗakinmu da ƙullin gyaɗa a leda, wai an ce masa ni na duba. "Malam, Allah ya saka da alheri, yaro ya tashi." Na ce, "Baba, a dai riƙe shan magani." Ya ce in sha Allahu. Suka koma gida, aka yi sadaka, yaro ya yi kumatu. Kuɗin mota da na magani suka yi nauyi, ga shi ba a ganin ciwo a jikinsa, sai aka ajiye. Kafin shekara ta zagayo suka dawo, dasashin yaron na zubar da jini. Da na duba gilashin, ƙwayoyin nan sun cika shi maƙil. Dangi suka ce sammu ne. Ni kuwa na san tun ranar da na sa hannu a takardar farko suna nan, idona ne bai kai gare su ba.

Lissafin ba shi da wuya. Mutumin da aka gano yana da sankarar jini mai saurin ci yakan zo da miyagun ƙwayoyi kusan tiriliyan ɗaya a jikinsa. Ni a gilashin ɓargo ɗari biyar nake ƙirgawa. Magani zai iya kashe casa'in da tara cikin ɗari, gilashina ya fito fes, alhali biliyoyi na nan a laɓe.

Su wane ne waɗannan da suka saura? Duk wanda ya yi noman dawa ko gero ya san ƙuduji. Ka nome shi tas, gona ta yi kyau, amma irinsa na kwance cikin ƙasa, yana iya yin shekara goma yana jiran saiwar hatsi. A 1994 John Dick da abokan aikinsa a Toronto ta Kanada suka ɗauki ƙwayoyin sankarar jini daga majinyata suka sa wa ɓerayen da ba su da garkuwar jiki. Sai suka ga 'yan kaɗan ne ƙwarai cikin ƙwayoyin ke iya tayar da cutar daga tushe, sauran duk 'yan rakiya ne. Da yawa daga waɗannan iyayen ƙwayoyi ba sa rabuwa da sauri, sukan yi lamo a lungun ɓargo. Kemo kuwa, wato maganin sankarar da ake ba majinyaci, mai rabuwa yake farauta. Wanda ya yi barci sai ya tsallake shi.

Bayan haka aka koyi karanta rubutun gado na ƙwayar cuta baƙi bayan baƙi, sai labarin ya ƙara fitowa fili. A 2008 masu bincike a asibitin yara na St. Jude da ke Memfis a Amurka suka gwada ɓargon yara na ranar da aka gano cutar da na ranar da ta dawo. Suka tarar sau da yawa zuri'ar da ta dawo tana nan tun farko, 'yar tsiraru ce a cikin taro, magani ya share mata manya ta samu fili. A 2012 wata tawaga a jami'ar Washington da ke St. Louis ta karanta rubutun gadon cutar gaba ɗaya a majinyata takwas, kafin magani da bayan dawowa. Zuri'ar da ta tsira ta ƙaro sababbin sauye-sauye, wasunsu ma da alamar kemon ne ya jawo su. A 2013 kuma aka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna NT5C2 a wasu yaran da cutar ta dawo musu, wanda ke sa muguwar ƙwayar ta lalata maganin mercaptopurine da kanta, wato ƙwayar maganin da yaro ke haɗiya kullum a gida.

Labarin da na fi so in ba ɗalibai masu zuwa koyon aiki shi ne na sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda likitoci ke kira CML, domin a nan ne aka ga wasan ɓuya tsakanin cuta da magani ƙuru-ƙuru. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka lura da wani guntun kuromosom, wato ƙunshin rubutun gado, a jinin masu wannan cuta, aka raɗa masa sunan garinsu, Filadelfiya. A 1973 Janet Rowley a Shikago ta nuna cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure. A mahaɗar ake samun wani gurɓataccen furotin da ke umartar ƙwaya ta yi ta haihuwa ba tsayawa. A 2001 aka amince da imatinib, wanda ake sayarwa da sunan Glivec, ƙwayar magani da ke shiga wani ɗan rami a jikin furotin ɗin ta toshe shi. Mutanen da a da ake ƙirga musu 'yan shekaru suka koma kasuwa da ofis. Amma a wannan shekarar dai, ɗakin binciken Charles Sawyers a Los Anjeles ya nuna yadda cutar ke zillewa: tubali ɗaya tak a jikin furotin, na 315, ya sauya, ramin ya canza siffa, magani ya daina shiga. An canza kwaɗo, makulli ya tashi a banza. Magungunan da suka biyo baya, dasatinib da nilotinib, sun buɗe kwaɗuna da dama amma ban da wannan. Sai a 2012 aka samu ponatinib da ya iya da shi.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka a nan shi ne, in magani ya daina aiki akwai dalili, kuma dalilin yana aunuwa. Likitan da ya san wane sauyi ne ya faru ya san maganin da zai koma. Wanda ba shi da gwajin, lalube yake a duhu da kuɗin talaka.

Kada a fahimce ni a baibai. Akwai waɗanda ba su taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba kuma cutar ta dawo. Iyayensu ba su da laifin komai. Sai dai bincike ya nuna tsallake magani na buɗe mata ƙofa. A asibitin Hammersmith na Landan, a 2010, an sa wa kwalaben imatinib murfi mai ƙirga sau nawa aka buɗe, aka ga masu tsallake fiye da ɗaya cikin goma da ƙyar cutar ke sauka inda ake so. A Amurka an yi irin wannan da yara masu shan mercaptopurine: waɗanda suka sha ƙasa da kashi 95 cikin ɗari haɗarin dawowar cutarsu ya kusa ninka uku. Can ke nan, inda ba a sayar da akuya don kuɗin mota. Maganin yaro mai irin cutar ɗan manomin nan shekara biyu ne zuwa uku. Wa ya zaunar da uban ya faɗa masa haka da Hausar da zai gane, tun ranar farko? Ni dai abin da na iya ce masa ta taga bai wuce kalma shida ba, kuma har yau yana cina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da dama kuwa ba su kai 30 ba. A 2018 ta sa burin kai wa 60 kafin 2030. Na ji masu cewa mu da zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini ba su bar mu ba, ina mu ina binciken ƙwayoyin gado. Da ina neman a kawo mana maganin CAR-T mai sa ƙwayoyin garkuwar jiki su farauci cutar, wanda ya fito a 2017 a kan dala 475,000, da sun yi gaskiya. Shi ma ɗin wani lokaci cutar kan sauke tambarin da yake gane ta da shi ta ɓace masa. Abin da nake nema bai kai nan ba.

Akwai na'urar da ke zuro ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, tana iya tsamo muguwa ɗaya cikin 10,000. A asibitocin da ke da ita, sakamakon ƙarshen watan farko shi ke nuna yaron da za a ƙara wa magani da wanda za a sassauta wa. Kowane asibitin koyarwa da ke kwantar da yara masu sankarar jini ya kamata ya mallaki ɗaya, da mai sarrafa ta, da wutar da ba ta ɗaukewa. Na CML ma ya fi sauƙi. Tun 2003 ake raba imatinib kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife, kuma mutanenmu na Arewa na yin doguwar tafiyar nan su karɓo. Gwajin da ke nuna ko maganin na ci ana iya yin sa a GeneXpert, na'urar nan da ake gwada majina da ita don tarin fuka, wadda ke zaune a asibitoci birjik a jihohinmu. Kamfanin da ya ƙera ta yana yin ɗan kwanson gwajin wannan cuta, a zuba jini a saka. Na'ura na nan, ma'aikata na nan, kwanson ne babu.

Kwamishinonin lafiya, ku sa kuɗin kwanson nan a kasafin baɗi. 'Yan uwana ma'aikatan asibiti, in za mu ce "ta lafa", mu ja kujera mu zauna da uwa da uba, mu faɗa musu watanni nawa suka rage da abin da zai ci. Kai kuma da ke da majinyaci a gida, ko ka ga yana wasan ƙwallo a ƙofar gida, kada ka ajiye kwalbar nan sai likitan da ya rubuta ta ya ce a ajiye.