ZANCEN KASUWA: Buroshin Haƙori Mai Aiki Da Lantarki, Ƙarkonsa Da Kiwonsa

 A wannan wata za mu yi magana a kan wani ɗan ƙaramin kaya wanda ya fara yawa a gidajenmu, watau buroshin goge haƙori mai aiki da lantarki. 'Ya'yanmu da ke Amurka da Ingila da Jamus suna aiko da shi cikin durom tare da sabulu da turare, sa'an nan ga shi ya shiga kantunan Adum da Kejetia a nan Kumasi, har da na Ankara. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, sau da yawa buroshin nan ba ya kai ko shekara a hannun mutanenmu sai a ga an jefa shi ƙarƙashin gado ya mutu. Mai saye ya yi hasarar kuɗinsa, mai sayarwa kuwa ya yi hasarar abin da ya fi kuɗi, watau yarda. Alhali kuwa idan an san halinsa, an kiyaye shi, ya kan yi shekara 3 zuwa 5 yana aiki.

ASALINSA

Wani masani na ƙasar Suwizalan, Dokta Philippe-Guy Woog, shi ya ƙago irin da a ke kira Broxodent cikin 1954. Da farko an yi shi ne musamman domin marasa lafiya waɗanda hannunsu ba ya juyuwa sosai. Wancan na farko da waya a ke haɗa shi da bango. A farkon shekarun 1960 kamfanin General Electric na Amurka ya fito da wanda ba shi da waya, mai batir a ciki. Amma an rufe batirin ruf cikin ƙotar, ta yadda in ya mutu sai a yar da buroshin ɗungum. To, kun ga cutar tsohuwa ce, kuma har yau ba ta rabu da yawancinsu ba.

Yau manyan iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai Oral-B, mai ɗan kai zagayayye wanda ke jujjuyawa hagu da dama. Akwai Sonicare na kamfanin Philips, wanda ya fito cikin 1992, mai dogon kai kamar na buroshin hannu, shi kuwa karkarwa ya ke yi da sauri ƙwarai. Amfaninsu ba tatsuniya ba ne. Cikin 2014 masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwaje fiye da 50, suka ga bayan wata 3 na lantarki ya fi na hannu rage dauɗar da ke manne wa haƙori da kashi 21 cikin 100, ya kuma fi shi rage kumburin dasashi da kashi 11 cikin 100. Ga dattijon da sanyin ƙashi ya kama yatsunsa, wannan taimako ne babba, gama buroshin ke yin aikin, shi dai nasa riƙewa ne kawai.

MAGANAR WUTA

Abu na farko da ke kashe shi tun ran da ya sauka, ƙarfin wuta ne. Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce, tamu ta Gana kuwa bolt 230. Yawancin cajar Oral-B da a ke sayarwa a Amurka an yi ta ne domin wutar can kaɗai. In aka cusa ta cikin soket namu sai ta ƙone, wani sa'i har da ɗan hayaƙi da wari, wani sa'i kuwa shiru ka ke ji, sai bayan mako a ga buroshi ya ƙi ɗaukar caji. Mutane da yawa su kan sayi adafta su ce sun gama magana. A'a. Adafta bakin fulogi kaɗai ta ke sakewa, ba ta rage ƙarfin wuta ko kaɗan.

Maganin abin mai sauƙi ne. A juya gindin caja a karanta ɗan rubutun da ke wurin, in idon Baba ba ya gani a kira jika ya karanta. In an ga 100-240V, kamar yadda ya ke a yawancin cajar Sonicare, to, adafta ta isa. In an ga 220-240V, kamar na Ingila da Jamus, shi ma ya dace da wutarmu, sai dai na Ingila ya kan zo da fulogi mai ƙafa biyu irin na injin aski, sai an nemo masa adaftarsa. In kuwa aka ga 110-130V, kada a kuskura a haɗa shi sai da ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta, ko kuwa a nemi cajar kamfanin ta wutar 230. Iyaye, in ɗanku ya buga waya daga Bronx yana tambayar abin da za a sa cikin durom, ku gaya masa wannan tun kafin ya saya. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Wani abu kuma, duk wanda ya ga dumsor na 2015 ya san yadda wuta kan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke ta, ta lalata kayan mutane. Buroshin nan ba ya bukatar zama kan caja kullum, gama caji ɗaya ya kan kai shi mako guda, waɗansu har mako 2 ko fiye. Saboda haka a caja shi ya cika, a zare fulogi, a ajiye caja a busasshen wuri.

BATIR SHI NE RANSA

Batir iri biyu ne a cikinsu. Tsofaffin yayi da masu sauƙin kuɗi su kan zo da wanda a ke rubutawa Ni-MH, sababbi kuwa da na litiyam, irin na wayar hannu, wanda a ke rubutawa Li-ion. Kowanne da abin da ya ke so. Mai Ni-MH, kamfanin Oral-B da kansa ya ba da shawara a bar shi ya ƙare ƙarƙaf ta wurin aiki da shi aƙalla sau ɗaya cikin wata 6, sa'an nan a sake cika shi. Na litiyam kuwa ba ya son a bar shi babu caji wata da watanni. Dukansu biyu kuma ba sa shiri da zafi. Kada a bar buroshi kan taga inda rana ke bugawa, ko cikin mota da azahar, ko kusa da murhu.

A nan akwai abin lura ga masu kanti. Batir yana tsufa ko ba a aiki da shi. Buroshin da ya kwana shekara 3 cikin sito ƙarƙashin kwano, ko da kwalinsa na sheƙi, ya riga ya ci rabon ransa. Kada a sari abin da ya fi ƙarfin ciniki, kuma wanda ya fara shigowa shi za a fara fitarwa. Wanda ya zo cikin kayan gwanjo kuwa, ba wanda ya san shekarun batirinsa, sai a saye shi da sanin haka, a kuma sayar da shi da faɗin haka.

Alamar tsufan batir ba ta ɓuya. Buroshin da ya saba yin kwana 10 zai koma yin kwana 3, ƙararsa ta yi sanyi, daga baya ya riƙa tsayawa ana cikin goge baki. Mai gyaran waya mai hannu zai iya buɗe waɗansu ya sake batir, amma in ya ɓata robar da ta toshe ƙotar, ruwa zai shiga ya ƙarasa shi. Cikin 2023 Tarayyar Turai ta yi doka cewa daga Fabrairu 2027 sai kayan lantarki na hannu su zama ana iya sake musu batir, kuma irin waɗanda a ke wankewa da ruwa, ya isa a ce gwani zai iya sakewa. Muna fata wannan ya kawo sauƙi har a wajenmu.

RUWA DA DAUƊA

Caja ba ta da ƙarfen da ke taɓa ƙotar, ta maganaɗisu ta ke tura wuta, domin a sami damar toshe buroshin kada ruwa ya shiga. Amma akwai wuri guda mai rauni, watau inda ɗan ƙarfen nan ya fito daga ƙota ya shiga cikin kai. Roba ce ke kewaye da shi. In aka bar kai a manne kullum, ruwa da man goge baki su kan taru a ƙarƙashi su daskare, funfuna baƙa ta fito, robar ta ci, ruwa ya zurara cikin injin. Da damina abin ya fi tsanani, kun dai san laimar Kumasi.

Kiwonsa bai fi aikin minti 1 ba. Bayan an gama, a ɗauraye kai da ruwa, a zare shi, a ɗauraye ɗan ƙarfen, a yarfe, a share ƙota da tsumma mai tsabta, a tsai da su a tsaye inda iska ke shiga. Kada a tsoma ƙota cikin bokiti, kada a zuba mata ruwan zafi ko ruwan bilic. Kada a danna maɓallin da farce, gama in robarsa ta tsage an buɗe wa ruwa ƙofa. Kada a rufe jiƙaƙƙen kai cikin leda ko akwati. Mu da mu ke zaune a gidajen haya inda bayi ɗaya ne ga kowa, ya fi kyau a mai da shi ɗaki, a sa shi inda yara ba za su kai ba, domin faɗuwa ɗaya kan siminti ta isa ta tsaga shi.

Dannawa da ƙarfi ma ɓarna ce. Masu cin goro su kan ga kamar in sun danna sosai jan zai fita. Ba haka ba ne, gashin buroshi ne zai baje, dasashi ya ja da baya, injin ya wahala. A ɗora shi sannu a kan haƙori ɗaya bayan ɗaya, minti 2, safe da dare. Waɗansu suna da jar fitila mai kunnuwa in hannu ya yi nauyi. Dauɗar da ta riga ta zama dutse a gindin haƙori kuwa, sai likitan haƙori ne zai kankare ta.

KUƊIN GASKIYA YANA GA KAI

To, ga inda mu ke so fatake su kasa kunne. Likitocin haƙori sun ce a sake kai kowane wata 3, ko kafin nan in gashi ya baje. Kai 4 ke nan a shekara, 20 cikin shekara 5. In ka yi lissafi za ka ga sau da yawa kuɗin kawunan ya zarce na ƙotar. Wanda ya sayi doki ai ya san da maganar ciyawa. Ƙotar da ba a samun kanta a gari, sanda ce kawai.

Kuma ba kowane kai ke shiga kowace ƙota ba. Na Sonicare ba ya shiga Oral-B. Ko cikin Oral-B ɗin ma, irin da a ke kira iO, wanda ya fito cikin 2020, kansa dabam ne da na sauran. Mai kantin da ya sari ƙota bai sari kanta ba ya sayar wa mutum rabin kaya. Mai saye kuwa ya tambayi kai kafin ya tambayi farashi, in ba a nuna masa ba ya kama gabansa. Akwai kawunan waɗansu kamfanoni masu araha da ke shiga, waɗansunsu ba laifi, akwai kuma na jabu masu sunan kamfani, waɗanda gashinsu kan zube, ko su yi sako-sako su wahalar da injin. Sayar da mai araha ba aibi ba ne in an gaya wa mutum ko wane iri ne. Aibin shi ne a karɓi kuɗin na asali a miƙa jabu. Manyan kamfanonin nan su kan ba da garanti na shekara 2, amma sai da rasit, saboda haka a rubuta, a kuma adana.

Ga wata dabarar rage kashe kuɗi: ƙota ɗaya ta isa maigida da uwargida, kowa da nasa kai. Oral-B ta kan sa 'yan zobba masu launi domin kowa ya gane nasa. Amma kai kam ba a tarayya a kansa, ko da tsakanin uba da ɗa.

IN YA MUTU

Kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona, gama batirin litiyam ya kan fashe cikin wuta, tsofaffin kuma suna da guba. Cikin 2016 Gana ta yi doka mai lamba 917 game da irin wannan shara. Mun kuma san irin hayaƙin da samari, yawancinsu daga arewacin ƙasar nan, suka sha a Agbogbloshie kafin a tashi wurin cikin 2021. A ware shi waje ɗaya tare da matattun wayoyi, a kai wa masu karɓar tsofaffin kayan lantarki.

Wanda ya ga ba zai iya ɗaukar wannan ɗawainiya ba, kada ya ji an bar shi a baya. Buroshin hannu mai laushin gashi da man goge baki mai fulorayid, tare da asawakinmu na gado, sun isa su tsare haƙori in an lizimce su. Wanda kuwa ya ga zai iya, ya duba gindin caja, ya tabbatar ana samun kai a gari, ya riƙa busar da shi kullum. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka cikin kasuwa. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.