Matatar Cikin Injin Jirgi Ba Za Ta Wanke Teku Ba



A watan Oktoban 2020 kamfanin Suzuki na ƙasar Japan ya sanar da cewa ya ƙera wata 'yar matata da ake sakawa a cikin injin da ake ɗaurawa a bayan ƙaramin jirgin ruwa, aikinta shi ne tare ɓarɓashin roba da ke yawo a ruwa. Daga watan Yulin 2022 kuma ya fara fitar da wasu injinansa masu ƙarfin doki 100 zuwa 140 da matatar a jikinsu tun daga masana'anta. Ra'ayina a kan wannan na'ura shi ne, dabarar ta cancanci yabo, amma kuskure ne babba a ɗauke ta a matsayin maganin cutar.

Mu fara da yadda take aiki. Irin wannan inji ba ya da tankin ruwan sanyaya kansa kamar mota. Ruwan da jirgin ke tafiya a kai shi yake zuƙa ta wasu 'yan ƙofofi da ke kusa da farfela, famfo ya tura shi ya zagaya injin ya ɗauke zafi, sannan ya koma inda ya fito. A kan tiyon da ruwan ke bi ya koma, nan aka ɗora matatar. Duk ruwan da ya bi ta cikinta sai ya bar dattinsa, mai jirgi kuma ya buɗe lokaci-lokaci ya zazzage. Ba a ƙara wani famfo ba, ba a ƙara shan mai ba. Ruwan da ma dole ya wuce, sai aka ce to ya biya kuɗin hanya. Nan hikimar take.

Abin da ake farauta kuwa shi ne gutsattsarin roba da bai kai milimita 5 ba, wani ma sai da madubin likita ake ganinsa. Leda da gorar ruwa da komar nailan ba sa ruɓewa kamar ganye. Rana ta gasa su, igiyar ruwa ta bubbuga su, su yi ta dagargajewa. Wani ɓarɓashin kuma daga tayar mota yake fitowa idan tana cin kwalta, wani daga zaren tufafin roba a lokacin wanki. Farfesa Richard Thompson na Jami'ar Plymouth da ke Ingila da abokan aikinsa ne suka ja hankalin duniya a kan matsalar a 2004. Tun daga nan an yi ta samun ɓarɓashin a cikin kifi, da gishirin miya, da ruwan sha.

Yanzu mu auna matatar da girman matsalar. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ƙarƙashin jagorancin Jenna Jambeck ta Amurka ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai robar da ta shiga teku daga tudu ta kai tan miliyan 4.8 zuwa 12.7. Matatar kuwa abu ne da za ka riƙe a tafin hannu, kuma ba ta tace komai sai inji yana kunne. Ruwan da take samu shi ne ɗan abin da ke kusa da sama, a daidai layin da jirgin ya bi. Robar da ta nutse ƙasa, da wadda ta maƙale a yashin gaɓa, da wadda kifi ya riga ya haɗiye, duk sun fi ƙarfinta. Ga shi kuma injin da ke ɗauke da ita fetur yake ƙonawa. Babu mai hankalin da zai tayar da jirgi don kawai ya tace ruwa.

Na san wani zai ce ai da babu gara ba daɗi. Na yarda. Har ma zan ƙara masa hujja: mai jirgin da ya buɗe matata ya ga zaren nailan da gutsuren roba a ruwan da ya rantse fes yake, ya ga abin da lacca goma ba za ta nuna masa ba. Idan aka tara abin da jirage suka tato daga wurare dabam-dabam, masu bincike za su san inda ƙazantar ta fi taruwa. A matsayin shaida, na'urar tana da amfani. Tsorona shi ne ranar da za a mayar da shaidar ta zama uzuri, mai saye ya ji ya sauke nauyi, masu ƙera roba su nuna ta su ce ga shi ana gyarawa, alhali duniya na ƙera roba sama da tan miliyan 400 a kowace shekara, kuma wadda ake sake sarrafawa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba.

Matata ta fi amfani a inda datti ke fitowa, kafin ya bazu. Shi ya sa na fi ganin ƙimar dokar da Faransa ta yi a 2020, wadda ta tanadi a riƙa sa matatar zare a sababbin injinan wanki. Haka ma Ruwanda da ta hana ledar zuba kaya tun 2008, da Kenya da ta bi sahu a 2017. Waɗannan bakin famfon suka nufa, ba su tsaya goge ƙasa ba.

To mu ina ruwanmu? Akwai shi. Wani bincike da masana a Jamus suka fitar a 2017 ya sa kogin Neja cikin koguna 10 da suka fi kai roba teku. Ledar fiya-wata da aka jefa a kwata ba ɓacewa take yi ba, damina ce ke ɗaukarta ta kai rafi, rafi ya kai kogi, kogin da muke cin kifinsa. Injinan da ke jikin kwale-kwalen Yawuri da Baga kuwa galibi ƙanana ne, yawanci masu shan fetur haɗe da baƙin mai, ba irin waɗanda aka sa wa matatar ba. Ko da ta iso gare mu, wanda ya zazzage ta a bakin gaɓa ya mayar da dattin ruwa ne kawai, matuƙar babu motar kwasar shara a garin.

Don haka a yaba wa injiniyoyin da suka ga ruwa na wucewa a banza suka sa shi aiki. Amma a tambayi ƙaramar hukuma ina kwandon shara a kasuwa da tashar jirgi, a tambayi masu kamfanin ruwan leda wa zai kwashe abin da suka sayar bayan an sha. Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan karon maganin ma ɗan cokali ne.

Sai na ji ra'ayoyinku. Mu kwana nan.