Faifan da aka naɗa a yini guda

Ranar 16 ga Oktoba 1969 wasu samari huɗu 'yan unguwar Aston da ke Birmingham a Ingila suka shiga ɗakin naɗar sauti na Regent Sound a Landan. Cikin awa 12 ko kusa da haka suka gama faifansu na farko, mai suna Black Sabbath, sunan ƙungiyar tasu. Shi ne faifan da masana da dama ke ɗauka a matsayin tushen kiɗan nan mai nauyi da amo da ake kira heavy metal.

Masu ba da labarin nan sun fi son su ce sa'a ce. Ni ban yarda ba. Kafin wannan rana Ozzy Osbourne da Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward sun daɗe suna kwana kiɗa a ƙananan gidajen rawa na Ingila da Jamus, har waƙoƙin suka zauna musu a hannu. Da suka zo gaban Rodger Bain, mai kula da naɗin, abin da suka saba yi kullum suka yi, gaba ɗayansu a lokaci guda, gyara kaɗan ne ya biyo baya.

Hannun Iommi ya fi komai tsaya mini a rai. Yana ɗan shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, kuma shi bahago ne, da wannan hannun yake danne tsirkiyar jita. Sai ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya yi wa yatsun 'yan huluna, ya liƙa musu fata, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi don rage zafi. Da waɗannan yatsun ya kaɗa faifan.

Kamfanin Vertigo ya fitar da shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970. Masu sharhi suka yi masa ca, Lester Bangs na mujallar Rolling Stone ya kushe shi, amma ya kai matsayi na 8 a Birtaniya.

Ba na ce kowa ya so baitocinsu ba, akwai duhu a ciki da ni ma ba ya yi mini. Abin da ke damuna shi ne mawaƙin yau da zai shiga situdiyo bai taɓa rera waƙarsa daga farko zuwa ƙarshe ba, ya bar wa kwamfuta ta daidaita murya. Waɗancan samari kuwa ko shekara ba su yi ba suka fitar da wani faifan, Paranoid, a watan Satumba 1970, ya hau matsayi na 1 a Birtaniya.