Tantin Alfarma a Dajin Wa?

Akwai wata magana da ta shiga bakin wasu ƴan bokonmu, wadda ya kamata a tare ta tun ba ta yi saiwa ba. Wai a gaɓar tekun Ostireliya da Kenya ana kafa tantuna cikin daji, da gado mai laushi, da lantarkin hasken rana, da ruwan wanka mai ɗumi. Attajiri ya yi dare biyu, ya biya kuɗi masu kauri, a shaida masa cewa bai cuci ƙasa ba. Wai mu ma a yi hakan a Dallol Boso, daga Baleyara zuwa Filinge, ko Kurfai ta samu abin kai wa baka.

Teku dai ba mu da ita, sai an yi tafiyar kilomita wajen 1000 daga Yamai kafin a gan ta a Kwatano. Abin da suke hange shi ne raƙuman dawa. To, bari mu yi maganarsu. A 1996 guda 49 kacal suka rage a yankin Kure, su ne ƙarshen irinsu a duk Afirka ta Yamma. Bayan shekara ashirin da ƴan kai sun haura 600, suna bin dallol har wajen Fandu a ƙasar Tondikandiya, har ma a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji. Dokar hana farauta ta taimaka, ƙungiyoyi sun taimaka. Amma wa ya bar gawo tsaye a gonarsa har dabbar ta sami ganye da rani? Wa ya wayi gari ya tarar an cinye masa wake, ya haɗiye fushi, bai ɗauki baka ba? Manomi ne, kuma shi ne ba a ganin hotonsa a takardun talla.

Ba mantuwa ba ce. Hajar da mai tanti ke sayarwa ita ce shiru: dajin da babu kukan jaki, babu sakwar daka, babu Bafillace da garkensa. Namu dajin kuwa yana da masu shi. Kowace sabara da geza akwai mai saran ta, kowace rijiya akwai zuriyar da ta haƙa ta. Kafin baƙo ya sami shirun da ya biya, dole a ce da wani ya matsa. An yi haka a gandun W, inda Turawan mulkin mallaka suka tashi ƙauyuka kafin a mai da shi gandun ƙasa a 1954. Ruwan wankan baƙon ma, daga rijiyar wa za a ja shi a watan Afrilu?

Sa'an nan kasuwar ba ta da jimiri. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, direba da jagora. Baƙi suka ɗauke ƙafa, masu jagoranci suka zauna hannu rabbana. Kuma ai ƙasar nan ta san tanti. Buzaye na fata suke kafawa tun kaka da kakanni, ba wanda ya kira shi alfarma. A 2012 an kafa wasu a Abala, arewa da Filinge, domin ƴan gudun hijirar Mali. Da wane ido za a jera na shaƙatawa kusa da inda aka yi wannan?

Malamai da shugabannin ƙungiyoyi, ga abin da ke hannunmu. Yara nawa ne a makarantun Kurfai suka san raƙumin dawa ba a littafin Faransanci ba? In hanya ta yi lafiya, su za a fara kaiwa, su kwana a gidajen mutane bisa tabarma, dattijon gari ya nuna musu gawo da aduwa da taramniya, kuɗin masauki kuma a danƙa shi a hannun mai gonar da aka cinye wa wake.